Jakar da na haɗa a Argungu da daminar da na tarar a Agege

Kwana huɗu bayan Babbar Sallar 2025 waya ta shigo da asuba: ƙanwata ta sauka lafiya a Legas, an samu mace. Haihuwarta ta uku ke nan. Biyun farko gida ta zo goyon ciki, Inna ta yi mata wanka da hannunta. Wannan karon likita ya hana ta doguwar tafiya tun cikin yana wata bakwai, ita kuma Inna ƙafa ta riga ta ƙi, ko zaure sai da sanda take kaiwa. Ba a tsaya dogon shawara ba. Ni ce babba, yarana sun tasa, ɗinkin Sallah kuma na gama miƙa wa masu shi. Inna ta dube ni ta ce, "Ke za ki tahi. Ki kama mata ruwa hat ta yi arba'in."

Ban taɓa wuce Kwantagora ba a rayuwata. Da daddare mijin ƙanwar tawa ya kira, bayan barka da gaisuwa ya ce, "Yaya, damina ce fa a nan, ki taho da shiri." Na ce masa ai mu ma damina ce, an yi ruwan shuka, mutane duk suna gona. Ya ce to. Daga wannan amsar tawa duk wahalar da na sha ta faro, domin na ɗauka damina ɗaya ce a ko'ina. Daminar da na sani ita ce hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, a sheƙa ruwa na awa ɗaya ko biyu, ƙasa ta shanye, rana ta fito, kafin la'asar wankin da ke kan igiya ya bushe ƙayau. Da wannan daminar a raina na buɗe akwati.

Na zuba atamfofi bakwai, duk an sa musu sitaci an buga. Na sa shadda ɗaya da leshi ɗaya saboda ranar suna. Hijabai uku na ɗauka, dogaye masu kauri, irin waɗanda suke sharar ƙasa, don ina ganin zan shiga garin mutane, gara in rufu sosai. Takalman fata biyu, ɗaya sabo fil na Sallah. Kwalbar man kaɗe babba, da rigar sanyi ɗaya. Lema kuwa ko tunaninta ban yi ba, saboda mu a gida idan ruwa ya sauko fakewa ake yi har ya ɗauke.

Kayan jego su ne suka fi cin lokaci, kuma su Inna ta tsaya a kai da kanta. Ta sa aka surfa gero aka kai niƙa don kunun kanwa. Yajin jego ta zauna a tabarma tana auna citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono, jikokinta suna daka. Aka haɗa daddawa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu a galan, da busasshen kifi na nan garinmu wanda aka naɗe a takarda aka jera a kwali. Sai soyayyen naman layya da ta ɓoye wa auta tun ranar yanka. Duka muka ƙulla a baƙaƙen ledoji, muka cusa a jakar bakko biyu da buhu ɗaya. Tana kallo tana cewa, "Mi kinka mance? Can ba su da irin abincinmu." Haka dukanmu muka yi imani.

Daga Argungu na shiga Birnin Kebbi, can na samu babbar mota mai zuwa Legas. Hanyar ita ce wadda masu albasa da shanu suke bi kullum: Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, a haye kogin Kwara a Jebba, sai Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, sannan Legas. Kwana muka yi a hanya. Da muka iso Mokwa cikin dare motar ta yi tsit, domin makonni biyu kacal ke nan da ambaliyar da ta ci mutane sama da 150 a garin, a ƙarshen watan Mayu. Wani dattijo a gabana ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, muka shafa. Rigar sanyin nan a cikin motar kaɗai ta yi mini amfani, tsakanin ƙarfe biyun dare da asuba, lokacin da iska ke shigowa ta gilashin da ba ya rufuwa. Duk zamana a Legas ban sake sa ta ba.

Tun daga Ilori ruwa ya kama mu, bai sake mu ba har Badun. Kayana suna can ƙasa a wurin kaya, ruwan da tayoyi ke watsowa yana shiga ta gefen murfi. Bakko tana da kyau wajen ɗaukar kaya, amma zif ɗinta ba ya tare ruwa. Da aka sauke a tasha na ga gindin kwalin kifin ya jiƙe ya yi laushi, buhun garin kunu kuma ya yi duhu a gefe ɗaya. Da na shimfiɗa babbar leda a cikin kowace jaka kafin in zuba kaya, in ɗaure bakinta, da ba a yi wannan asarar ta farko ba. Ledar da za ta yi wannan aikin ba ta kai kuɗin ƙullin daddawa biyu ba.

Mijin ƙanwata ya tarbe ni da lema biyu a hannu, yana sanye da silifas na roba, ya naɗe ƙafar wandonsa. Muka shiga danfo, ƙananan motocin nan masu launin rawaya, zuwa Agege. Inda muka sauka zuwa ƙofar gidansu tafiyar minti biyar ce, amma ruwa ya kwanta a layin har idon sawu, baƙi, haɗe da abin da kwata ta amayo. Hijabina ya sha ruwan nan har gwiwa, ya yi nauyi yana manne mini a ƙafa. Sabon takalmin fata kuwa kafin mu kai gida gam ɗinsa ya saki, tafinsa ya buɗe baki. Mijin ƙanwata ya waiwayo ya ce, "Yaya, ki taka inda na taka. Akwai kwatar da ba ta da murfi, idan ruwa ya rufe ba a ganinta." Wannan maganar na riƙe ta har na bar garin.

Murnar ganin jaririya ta mantar da ni komai a ranar. Sai a kwana na uku na fara gane abin da nake ciki.

Gidan na haya ne, ɗaki da falo, tsakar gida ƙarama da ake rabawa da maƙwabta shida, igiyar shanya a ƙarƙashin baranda. Na wanke hijabin da atamfar da na zo da su tun ranar da na sauka. Kwana biyu suna rataye ba su bushe ba, a na uku suka fara wani wari na tsami. Kayan jaririya kuma kullum sai an wanke, ga zannuwan mai jego. Ba wai kullum ake ruwa kamar da bakin ƙwarya ba. Wani lokaci yayyafi ne kawai tun safe har azahar, wani lokaci ma babu ko ɗigo, amma sama a rufe take, iskar kanta a jiƙe. Ka taɓa bango ka ji sanyin laima, ka kwanta ka ji katifa kamar an yayyafa mata ruwa. Ashana ba ta kamawa sai an yi ta ƙyastawa. Gishiri ya narke a cikin robarsa. Sitacin atamfofina ya saki tun suna cikin akwati, suka yi laɓo-laɓo kamar ba a taɓa buga su ba.

Ranar da zan yi miyar farko ta mai jego na kwance ƙullin kuka, na tarar ta dunƙule. Na buɗe ledar naman layya, sai ga farin funfuna kamar auduga ya fara bin saman yankan. Kifin da ke ƙasan kwali ya yi laushi, ƙwari sun shiga. Na zauna a bakin ƙofa da ledar naman a cinyata, hawaye suka zubo mini, don na tuna yadda Inna ta hana jikokinta taɓa shi tana cewa na auta ne. A Argungu irin wannan soyen yakan yi watanni a cikin kwano, babu abin da zai same shi.

Wata dattijuwa Bayarabiya da ke ɗakin ƙarshe, kowa Iya yake ce mata, ita ta same ni a haka. Tana jin Hausa sosai, ta ce a Zangon Agege ta girma cikin Hausawa. Ta ɗauki ledar ta shinshina, ta ce in zubar da duk wanda funfuna ya taɓa, kada in ba mai shayarwa, kada ma in yi tunanin kankarewa. Wanda ya tsira daga can ƙasa, wanda mai ya rufe, muka sake soya shi har ya yi ƙarau. Kifin da bai lalace ba muka jera a kan waya bisa garwashi ya sha zafi. Sannan ta shiga ɗakinta ta fito da bokitan fenti biyu na roba, wankakku, masu murfin da ke kamawa gam. Ta ce, "Anti, a garin nan leda ba ta ajiye abinci. Duk abin da kike so ya kwana biyu, ki sa shi inda iska ba ta shiga." A cikinsu muka juye garin kunu bayan mun ɗan gasa shi a tukunya ya saki danshi, yaji kuma muka ɗura a kwalabe. Yajin Inna da man shanu da kanwa su kaɗai suka iso yadda suka baro gida.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne da muka je kasuwa sayayyar suna. Kuka, kuɓewa, daddawa, gero, tsamiya, har kanwa, babu wanda babu a Agege, kuma 'yan'uwanmu ne ke sayarwa, da Hausa ake ciniki. Daga baya mijin ƙanwata ya kai ni kasuwar Mile 12, inda manyan motoci ke sauke kayan gwari daga Arewa, na ji Kabanci da Sakkwatanci ta ko'ina kamar ina kasuwar Jega, ga albasar Aliero buhu a kan buhu. Tsada kam akwai, ba zan ɓoye ba. Amma sayen kaɗan-kaɗan na mako guda ya fi ɗauko buhu daga gida ya ruɓe a hannunka. In da zan sake haɗa kayan jego zuwa can, abin da hannun Inna ya haɗa kawai zan ɗauka, yaji da man shanu, a cikin abin da ke rufuwa, sauran in riƙe kuɗinsu.

Shanya ita ce yaƙin kullum. Ƙanwata ta nuna mini yadda suke yi: a matse kaya sosai, a naɗe a cikin busasshen tawul a sake murɗewa, a rataye a ɗaki a sakar musu fanka idan akwai wuta, a ƙarasa da dutsen guga. Kayan jaririya kuwa ko sun bushe sai an bi su da guga. Ni kuma na kawo tawa dabarar ta gida, na riƙa kifa kwando a kan kasko ina turara zannuwa da turaren wuta, warin tsamin ya gudu, har Iya ta aiko a turara mata nata. A nan na gane yadi ma iri-iri ne wajen bushewa. Shaddar da na sa ranar suna kwana uku ta yi a igiya. Wata doguwar riga mara nauyi da ƙanwata ta ara mini, da safe na wanke, da yamma na mayar. Ni da nake sana'ar ɗinki shekara da shekaru ban taɓa auna yadi da wannan ma'aunin ba, domin a wurinmu rana ba ta bambanta mai kauri da mara kauri. Na sayi hijabai biyu masu sauƙi da suka tsaya a ƙwauri, da takalmin roba mai rufin gaba, da lema mai naɗewa da ke shiga jaka. Da su na ƙarasa zamana. Atamfofi biyar cikin bakwai ko warware su ban yi ba, takalmin fata na biyu kuma da na ciro shi daga ƙarƙashin gado ya yi kore shar da funfuna.

Zafin garin ma daban yake. A gida cikin Afrilu ma'auni yana wuce 40, iska tana ƙona fuska, amma gumi yana bushewa a jiki. A Legas bai cika kai wa can ba, sai dai gumin ba shi da wurin zuwa, yana nan a jikinka tun safe har dare. Man kaɗen da na ɗauko ko buɗe shi ban yi ba, fatar mutum ba ta neman mai a can. Wannan rashin sanin ya kusa cutar da jaririya. Na riƙa naɗe ta da shawul mai kauri da hula da safa, yadda muke yi wa jarirai a gida, sai ga ƙananan ƙuraje sun feso mata a wuya da bayan kunne. Ranar da muka kai ta awo, ma'aikaciyar jinya ta ce zufa ce, a rage mata kaya, a bar ta da riga ɗaya ta auduga, a tabbatar tana kwana a gidan sauro, don kwatocin da ke riƙe ruwa sauro suke haifarwa dare da rana. Ita ce kuma ta ja ni gefe a kan wankan jego, ta ce ruwan ya zama mai ɗumi ba tafasasshe ba, kanwa kuma a rage ta ƙwarai, saboda yawanta yana iya taɓa zuciyar mai jego, balle wadda jininta ya hau lokacin ciki. Na kira Inna na gaya mata. Ta yi shiru, can ta ce, "To, ku bi abin da sunka ce. Lahiyatta muka nema."

Fita asibitin nan ta koya mini wani abu game da ruwan Legas: yana cin lokaci. Idan aka yi ruwa da safe, tafiyar rabin awa takan koma awa biyu, motoci su yi cirko-cirko, kuɗin mota ya tashi. Saboda haka duk ranar da muke da fita tun bayan sallar asuba muke shiri. A jakata kullum akwai lema, ƙaramin tawul, zani ɗaya busasshe a ƙulle cikin leda, waya da katin asibiti a wata ledar, kuɗi kuma kashi biyu, na mota a hannu, sauran a lalita.

Wani dare da aka ɗauke wuta muna zaune a baranda, mijin ƙanwata, wanda ya fi shekara goma sha biyar a garin, ya zayyana mini shekarar Legas. Ya ce ruwa yana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, lokacin da mu muke tsakiyar bazara muna kwana a tsakar gida. Yana ta ƙaruwa har Yuni, watan da ya fi kowanne ruwa, wato daidai lokacin da na zo. Daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta sai ya lafa na 'yan makonni, gari ya yi sanyi-sanyi, alhali a lokacin ne malka take sauka a wurinmu. Satumba da Oktoba ya dawo karo na biyu. Hunturu yana leƙo su a Disamba da Janairu, amma kafin ya ratso ƙasar nan duka ya iso bakin teku ƙarfinsa ya ƙare, hazo ne da ɗan bushewar leɓe na kwanaki, ba irin namu mai fasa dugadugai ba. Fabrairu da Maris su ne zafinsu mai tsanani. Ya ce duk wannan teku ne ke jawo shi, iskar da ke tasowa daga kansa ɗauke da ruwa su take fara samu, mu sai ta yi tafiyar wata da watanni kafin ta kai mana, shi ya sa ruwan da suke samu a shekara ya kai ninki biyu na namu. Ya ce duk baƙon da zai zo masa daga gida, tambayar farko da yake yi ita ce wane wata, sannan ya faɗa masa abin da zai sa a jaka. Na ce, "Malam, ai ni ma ka gaya mini." Ya ce, "Na gaya miki damina ce, Yaya, amma ban gaya miki wace iri ba. Laifina ne."

Kamar yadda ya faɗa, bayan an yi arba'in ruwan ya fara ja da baya. Aka samu kwana uku a jere babu ɗigo, iska mai daɗi tana kaɗawa, duk gidan aka fito da katifu da tabarmi da takalma aka baza. Ni ma na zazzage akwatina na shanya komai, na goge takalmin fatar da ya yi kore. Da zan haɗa kayan komawa na sayi manyan ledoji biyu na shimfiɗa a cikin bakko, na zuba tsarabar yara da burodin Agege da Inna ta yi saƙo, na ɗaure bakin kowace da tsumma. Iya ta ba ni ɗaya daga cikin bokitan nan ta ce in kai wa Inna.

Na baro Legas cikin rana a farkon Agusta. Muna wuce Yawuri sama ta yi baƙi ƙirin, daga Koko har Birnin Kebbi ruwa ake yi babu ƙaƙƙautawa, fadamu sun cika, shinkafa ta yi kore iya ganinka. Na sauka a Argungu da takalmin roba a ƙafata, na buɗe lemata na bi layinmu, mata suna leƙowa daga zaure suna yi mini sannu da zuwa. Da aka kwance jakunkuna a ɗakin Inna komai a bushe yake.

Ƙanwata ta ce in Allah ya kai mu Disamba za ta kawo yarinyar Inna ta gan ta. Na gaya mata kada ta wahalar da kanta da lema ko takalmin roba, ta nemi hula da safa da abin rufe wa yaran hanci saboda ƙura, manyan ma rabonsu da hunturun gida sun manta shi. Na riga na yanka yadi mai gashi-gashi zan ɗinka wa jaririyar riguna uku masu dogon hannu. Kwalbar man kaɗen da ta je Legas ta dawo ba a buɗe ba tana nan a kan kantar Inna, an ajiye wa yarinyar.